Yadda ake neman gurbin digiri na biyu ko na uku a fannin ikoloji

A yawancin fannoni ɗalibi yakan sayi fom ne, ya cike, ya zauna jiran fitowar sunaye. Ikoloji, wato nazarin zaman halittu da junansu da kuma muhallinsu, ba haka tafiyarsa take ba, musamman idan karatun na bincike ne. A nan malami ake fara samu kafin makaranta. Dalili kuwa shi ne kuɗin shiga daji, da mota, da kayan awo, da izinin wurin bincike, duk a hannun malamin da zai duba aikinka suke. Idan kwamitin ɗaukar ɗalibai ya zauna, abin da yake fara tambaya shi ne wa zai riƙe wannan yaron. In babu wanda ya ce "nawa ne", sai a ture fayil ɗin gefe, ko da digirin mai shi daraja ta ɗaya ce. Digiri na biyu na darussa zalla, irin na shekara ɗaya da ake yi a Birtaniya, ba ya buƙatar malami tun farko, amma shi ma tallafinsa ya fi wuyar samu.

Ka ba kanka wata 12 zuwa 15 kafin ranar da kake son shiga aji. Wanda ya fara a Nuwamba yana neman gurbin Satumba mai zuwa a waje, ya riga ya makara a wurare da dama.

Tambaya tukuna

"Ina son nazarin kwararowar hamada" ba tambayar bincike ba ce, buri ne. Haka ma "ina sha'awar sauyin yanayi". Malami yana son ya ga tambayar da za a iya amsawa da awo, cikin kaka ɗaya ko biyu, da kuɗin da ake da shi.

Ɗauki dausayin Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a yankin ya canja, kachala ta toshe magudanai da dama, ita kuma kachalar ta zama maɓoyar jan baki masu cinye shinkafa da gero. Daga wannan labarin ana iya fitar da tambaya kamar haka: shin gonakin da ke kusa da kachala sun fi asarar hatsi a bakin tsuntsu fiye da na nesa, kuma daga wace tazara asarar ke raguwa? Ko ka ɗauki ungulu, wadda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 2015: a waɗanne kwatoci ake ganinta har yanzu, kuma me ya bambanta su da waɗanda ta ƙaurace wa? A yankin Maraɗi da Damagaram kuma, inda manoma suka dawo da gawo da sauran itatuwa cikin gonaki ta hanyar barin tsiron kututture, tambayoyi a zube suke kan tsuntsaye da ƙwari da danshin ƙasa. Ba dole ba ne a ƙarshe ka yi aiki a kan tambayar da ka zo da ita. Sau da yawa malami zai ɗora ka a kan aikinsa ne. Amfaninta shi ne ta nuna ka san yadda ake mai da damuwa ta zama abin aunawa.

Abin da za ka nuna ka iya

Abu biyu ke raba masu nema a wannan fanni, kuma sakamakon jarrabawa ba ya cikinsu: aikin fili da ƙididdiga.

Aikin fili ba sai ka jira wani ya ɗauke ka ba. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda aka fara a 2015 ƙarƙashin APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jos, yana karɓar bayanai daga duk mai iya gane tsuntsu, ta manhajar BirdLasser, kuma akwai ƙungiyoyin 'yan sa-kai a Arewa da za ka iya bi. Manhajojin iNaturalist da eBird ma suna ajiye abin da ka gani da sunanka da kwanan wata, malami na iya dubawa ya tabbatar. Idan kana gab da tafiya bautar ƙasa, yi ƙoƙari a tura ka gandun daji, ko ma'aikatar muhalli, ko ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, maimakon ofishin da ba ruwansa da fanninka. Ƙungiyar Tropical Biology Association tana shirya kwas na kusan wata guda a daji, a ƙasashe irin su Uganda, kuma tana ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka da ta zaɓa. Duk abin da ka yi, rubuta shi da adadi: wurare nawa, wata nawa, wace hanya ka bi wajen ƙirga.

Ƙididdiga kuwa ita ce inda ɗalibanmu suka fi yin rauni, ba don ƙarancin basira ba, sai don yawancinsu sun gama digiri ba su taɓa sarrafa bayanai da kansu ba, wani aka ba ya danna musu a shago. Harshen aiki a ikoloji yau shi ne R, manhajar kwamfuta ta ƙididdiga, kuma kyauta ne. Haka QGIS na zanen taswira. Wata uku zuwa huɗu na zama kullum ya isa ka iya shigar da bayanai, ka zana su, ka gwada alaƙar abu biyu, ka san abin da za ka yi da bayanan ƙirge masu yawan sifiri. Hanya mafi kyau ita ce ka ɗauko bayanan aikinka na shekarar ƙarshe ka sake nazarinsu da R daga farko. In aka tambaye ka, kana da abin nunawa.

Kada ka biya kuɗi a buga maka aikin a mujallar da ke karɓar komai cikin sati guda. Malaman waje sun san irin waɗannan mujallu da suna, kuma ganin uku ko huɗu a takardarka yana rage maka daraja ne. Ba a sa ran mai neman digiri na biyu ya riga ya wallafa komai.

Neman malami da wasiƙar farko

Kada ka fara da jerin manyan jami'o'i. Fara da Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi: rubuta abin da kake son nazari, ka taƙaita ga shekara biyar da suka wuce, ka lura da sunayen da ke maimaituwa. A wannan fanni, sunan ƙarshe a jerin marubuta galibi shi ne shugaban rukunin binciken. Shiga shafinsa ka duba abu uku: ko yana da ɗalibai yanzu, ko ɗaliban suna fitowa a matsayin marubuta na farko, da ko yana da aiki a Afirka ko a busassun wurare masu kama da namu. Wanda ya taɓa aiki a Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, ko Gashaka Gumti, ko Yankari, ko gandun W na Nijar, ya riga ya san darajar ɗalibin da ke jin yaren mutanen wurin, ya san yadda ake shiga gaban dagaci. Ana kuma tallata gurabe masu kuɗi a intanet, a FindAPhD da ECOLOG-L. Waɗannan sun fi sauƙi, tunda kuɗin na nan a ƙasa, mutum kawai ake nema.

Tara sunaye 10 zuwa 15. Ka karanta aƙalla maƙala biyu na kowane ɗaya kafin ka rubuta masa.

Wasiƙar da Turanci za ta tafi, ko Faransanci, kuma kada ta wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da an gaji ba, kalma 200 zuwa 250. A kan take ka sa matakin da kake nema, da shekarar, da batun. Ka kira shi da muƙaminsa da sunan iyalinsa, ka tabbatar ka rubuta sunan daidai. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali ladabi ne a wurinmu, amma a can ana ganinsu kamar kewaye-kewaye, don haka layi ɗaya ya isa. Ga yadda cikin yake tafiya: "Na gama digiri a fannin dabbobi a shekara kaza da maki 4.1 cikin 5. A aikina na ƙarshe na ƙirga tsuntsayen ruwa a wurare 12 tsawon wata huɗu na rani, na yi nazarin bayanan da R. Na karanta maƙalarku kan yadda tsayin ciyawa ke shafar wurin kwanan tsuntsaye, sai na yi tunanin ko abin haka yake a inda kachala ta mamaye. Ko za ku ɗauki ɗalibi a zangon da ke tafe, kuma ta wace hanya ɗalibanku ke samun kuɗi?" Sai ka maƙala CV na shafi biyu da kwafin sakamakonka. CV ɗin ba ya buƙatar ranar haihuwa, ko addini, ko ƙaramar hukuma, ko batun aure.

Abubuwan da ke kashe wasiƙa sanannu ne. Ta farko ita ce wadda aka aika wa mutum 50 ba a canja komai ba sai suna, wani lokaci ma a manta ba a canja sunan jami'ar ba. Sai wadda ke yabon malami sakin layi guda ba tare da ta ambaci abin da ya gano ba. Sai wadda ta buɗe da labarin talauci da roƙon taimako: malami ba zai iya ɗaukar ɗalibi don tausayi ba, kuɗin da ke hannunsa na aiki ne da zai ba da bahasinsa. Wasiƙar da manhaja ta rubuta gaba ɗaya ma ana gane ta, domin tana da santsi amma babu komai naka a ciki.

Shiru ba ƙi ba ne. Masana ikoloji sukan shafe makonni a daji. Bayan kwana 10 zuwa 14 ka sake tuntuɓa sau ɗaya, a gajarce, sannan ka wuce gaba. Ga masu neman Amurka da Kanada, lokacin rubuta wannan wasiƙa shi ne Agusta zuwa Oktoba.

Gida ko waje

A Najeriya, yawancin jami'o'i suna neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da digiri mai aƙalla daraja ta biyu ƙarama, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai daraja ta uku ko mai HND galibi sai ya bi ta PGD, wato difloma ta bayan digiri. Ba kowace jami'a ke da kwas mai suna ikoloji ba. Sau da yawa yana ƙarƙashin sashen nazarin halittu, ko tsirrai, ko dabbobi, ko gandun daji. Tsarin gida yakan raba wa ɗalibai malamai ne bayan an gama darussa, to amma wanda ya je tun da wuri ya gabatar da kansa ga malamin da yake so, ya fi samun abin da yake nema. Ka sani kuma cewa a mafi yawan lokuta kai za ka biya kuɗin bincikenka.

Wuri ɗaya da ya kamata duk mai wannan buri ya sani shi ne APLORI ta Jami'ar Jos, wadda ke dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga. Tun farkon shekarun 2000 take ba da digiri na biyu a fannin kare halittu, ɗalibai kaɗan take ɗauka daga Afirka ta Yamma, tana tallafa musu, kuma tana ba ƙididdiga muhimmanci ƙwarai. Da yawa daga cikin waɗanda suka gama can sun wuce digiri na uku a waje. Akwai kuma cibiyar nazarin noma a busassun wurare ta Jami'ar Bayero, da shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi, mai rassa a jami'o'in yankin har da Minna da Yamai. Reshensa na sauyin yanayi da halittu yana Kwaddebuwa.

A waje kowace hanya da nata sharaɗin. Tallafin Commonwealth na Birtaniya yana buƙatar ka cike fom ɗin hukumar a intanet kuma ka bi ta hukumar da ke gabatar da 'yan ƙasarka, wadda a Najeriya ita ce hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya ya yi aikin banza. Tallafin Chevening na Birtaniya da shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus duk suna neman shekara biyu ta aiki bayan digiri. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana da kwasa-kwasai irin su TROPIMUNDO na halittun wurare masu zafi, inda ɗalibi ke zagaya jami'o'i biyu ko fiye, alawus kuma Yuro 1,400 a wata. Afirka ta Kudu ana yawan mantawa da ita, alhali cibiyar nazarin tsuntsaye ta FitzPatrick da ke Jami'ar Cape Town tana cikin fitattu a nahiyar. Zangon karatu a ƙasar daga farkon shekara yake somawa, kuma sai hukumar SAQA ta tantance takardunka.

A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye da digiri na farko, yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, kuma ɗalibi na samun alawus da yafiyar kuɗin makaranta a madadin koyar da 'yan ƙananan aji ko taya malami bincike. Ana rufe nema daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Janairu, sassa da dama kuma sun daina neman jarrabawar GRE. Sai dai a 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita biza ga 'yan ƙasashe da dama, har da Chadi da Sudan a watan Yuni, aka ƙara da Nijar da Najeriya a ƙarshen shekarar. Kafin ka biya ko sisi na kuɗin fom, duba matsayin ƙasarka a shafin ofishin jakadanci, ka kuma tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'ar.

Takardu

Tiranskirif, wato cikakken sakamakon dukan darussanka, shi ya fi kayar da mutane. A jami'o'i da dama fitar da shi kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, yajin aiki kuma na iya tsayar da komai. Nemi shi tun ranar da ka yanke shawara. Yawancin makarantun waje suna karɓar kwafin ɗalibi a matakin nema, sai an ɗauke ka su buƙaci a aiko da na hukuma kai tsaye. Ka haɗa da shafin da ke bayyana ma'aunin maki, domin wanda ya saba da ma'aunin 4 idan ya ga 3.6 ba tare da bayani ba, ba zai san cikin 5 ba ne, kuma ba zai san daraja ta biyu babba daga 3.50 take farawa ba.

Sai batun suna. Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a digiri, Muhammadu a fasfo, wani wuri sunan uba a gaba, wani wuri sunan gari. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Daidaita komai da abin da ke fasfo, inda ba zai gyaru ba ka yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin a tambaya. Masu takardun Faransanci sai sun kai wa mai fassara da hukuma ta amince da shi, kuma su bincika ko jami'ar na karɓar digirin shekara uku.

Jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL, shekara biyu take aiki, kuma 6.5 ne makin IELTS da aka fi nema. Wasu jami'o'i suna yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci idan ya kawo wasiƙar rajistara, wasu ba sa yafewa. Tambayi kowacce a rubuce.

Masu ba da shaida biyu ko uku ake nema. Farfesan da bai san fuskarka ba zai rubuta layi huɗu cewa kana da ladabi da biyayya, wannan kuwa ba ya ƙara maka komai. Ƙaramin malamin da ya shiga daji da kai, wanda zai iya cewa ka gano kuskure a bayanai ka gyara, ya fi shi amfani nesa. Ka sanar da su wata guda kafin wa'adi, ka ba su CV da tsarin bincikenka, ka tabbatar suna buɗe adireshin imel ɗin da ka bayar, gara kuma ya kasance na jami'a. Fom da yawa sun mutu ne don saƙon neman shaida yana kwance cikin tarkacen imel ɗin malami har wa'adi ya wuce.

Tsarin bincike

Shafi biyu zuwa uku ya isa: tambaya, abin da aka riga aka sani, abin da kake hasashe, yadda za ka auna, lokaci, da kuɗi. Masu dubawa sashen hanyar aiki suke fara karantawa, kuma akwai kuskure ɗaya da suke gani kullum. Ɗalibi ya ce zai kwatanta makiyaya da gandun da aka killace, sai ya yanka murabba'i 30, wato ƙananan filayen awo, a makiyaya guda, 30 a gandu guda, ya ce yana da samfuri 60. A haƙiƙa biyu gare shi, wuri ɗaya da wuri ɗaya. Duk bambancin da ya samu zai iya zama na ƙasa ne, ko gangare, ko kusancin rafi, ba na kiwo ba. Gyaran shi ne a rage murabba'ai a ƙara wurare: makiyaya shida da gandu shida masu nisa da juna, murabba'i biyar a kowanne. Wahalar tafiya ta ƙaru, amma sakamakon ya zama abin dogaro. Mai neman da ya nuna ya fahimci wannan ya riga ya wuce rabin abokan takararsa.

Ka daidaita jadawali da kaka. Ganyayyaki da ciyayi sai damina ake gane su da kyau, kusan Yuni zuwa Satumba. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kuwa da rani suke nan, su koma wajajen Maris da Afrilu. Mai digiri na biyu kaka ɗaya gare shi. In ta kuɓuce, shekara ta tafi. Ka rubuta izinin da kake buƙata, na hukumar gandun daji da na masu gari, da kuma na fitar da samfuri idan za a kai shi waje. Maganar tsaro ma kada ka ɓoye ta: dazuzzuka da dama a Arewa ba sa shiguwa yanzu, jami'ar waje kuma ba za ta sa hannu a tafiyar da take ganin haɗari ba. Ka ambaci wuri na biyu da za ka koma idan na farko ya gagara, ko ka nuna wane ɓangare na aikin za a iya yi da hotunan tauraron ɗan'adam. Don kuɗin fili, gidauniyar Rufford na ba da ƙananan tallafi, Idea Wild kuma kayan aiki take bayarwa.

Ganawa da karɓar tayi

Idan malami ya ce ku yi magana ta bidiyo, shirya bayanin aikinka na ƙarshe cikin minti biyu: tambayar, abin da ka yi, abin da ka samu, da abin da za ka canja in da za ka sake. Na ƙarshen shi suka fi saurare. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Lissafa bambancin agogo sau biyu, cika waya da kwamfuta da caji, ka tanadi layin sadarwa na biyu.

Kai ma kana da tambayoyi, kuma ba rashin kunya ba ne. Shekara nawa aka tabbatar da kuɗin? Alawus na wata 12 ne ko na tara? Ya haɗa da inshorar lafiya da kuɗin zuwa fili? Nawa ne hayar ɗaki a garin? Ka roƙi a haɗa ka da ɗalibi ɗaya ko biyu na rukunin, ka tambaye su tsawon lokacin da malamin ke ɗauka kafin ya dawo da babin da aka ba shi, da ko waɗanda suka gabace su sun gama a kan lokaci. Kada ka amince da alkawarin baki: adadin kuɗin da tsawon lokacinsa su fito a takardar tayi, domin ita za ka nuna wajen neman biza. A Amurka yawancin jami'o'i sun amince kada a matsa wa ɗalibi ya ba da amsar tayin da ke da tallafi kafin 15 ga Afrilu. Mai zuwa Birtaniya daga Najeriya kuma sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, takardar gwajin wata shida take aiki, saboda haka a yi shi bayan tayin ya tabbata.